Turaren da Za Ka Saya wa Saude

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayenshi da sahabbanshi.

Daga Innarka a Tambuwal, zuwa ga ɗana Hamidu a Kebbe. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina gaida Kawunka Labbo da idanun nashi, ina gaida duk wanda ya ba ka ruwa ka sha tun ranar da ka sauka garin. Allah shi sa takardar ga ta iske ku lafiya, shi tsare ka a gona da kasuwa, shi tsare ka a hanya. Matarka Saude lafiya lau take, tana cikin wankan jego, ɗiyarka kuma tana ta shan nono tana barci. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ya daɗe bai riƙe alƙalami ba.

Bari in fara da abin da ba ka sani ba. Ba ka daɗe da fita ƙofar gari ba, magana ta shigo Tambuwal wai jirgi ya kife a mashigin gulbi, kuma akwai mutanenmu a ciki. Wanda ya kawo maganar bai gani da idonshi ba, ji ya yi. Na aika a tambayi fatake, kowa da abin da shike faɗi. Na so in ɓoye wa Saude, don tashin hankali ba shi da kyau ga mai jego, ashe ta riga ni ji wajen masu kawo mana itacen wanka, ita ma tana ɓoye mani. Haka munka zauna gida guda, ina dafa mata ruwa tana yi mani sannu, kowa na kallon wani gefe. Kunun kanwar da nika dama mata sai in iske shi ya huce a ƙwarya ba ta taɓa ba.

Ana nan sai ga Dije, Bafillatanar nan mai kawo mana nono, wadda rugarsu ke wajen Fakku bana. Ta sauke ƙwaryarta, munka gaisa, ta ce, "Inna, ɗanki na gaishe ki."

Na ce, "Wane ɗan?"

Ta ce, "Hamidu mana. Na bar shi kasuwar Kebbe tsugune gaban mai turare. Ya hana bawan Allah ciniki tun hantsi, shina shinshina wannan shina shinshina wancan."

Na zauna bisa turmi. Dariya ta fara zo mani, hawaye sunka biyo baya. Saude ta ji daga ɗaki, ta leƙo da goyo a kafaɗa, ta koma, ranar kuwa ta shanye kununta har ta nemi ƙari. Dije ta ce jirgin ya kife da gaske, sai dai kaya ne sunka tafi, mutanen duk an fid da su, kai kuwa ka riga ka ƙetare tun kafin nan. Alhamdu lillahi. Ba na tsammanin an taɓa kawo mani tambayar da ta yi mani daɗi kamar taka. Wanda ya samu sukunin zama shina wasi-wasi tsakanin turare biyu, lafiyarshi ƙalau.

Duk da haka zan ja kunnenka. Ranar da ka isa wuri, ka nemi mai komowa ka ce a gaya wa gida ka sauka. Ni na yi irin naka. Sa'ad da anka kawo ni Tambuwal daga Jabo ina amarya, sabon gida ya ɗauke mani hankali, ban aika wa mahaifiyata ko gaisuwa ba, sai ganinta na yi a ƙofar gida da ƙafafu kumbure, ta tako tun daga Jabo don ta ga ko ina da rai. Ba ta yi mani faɗa ba. Ta sha ruwa, ta dube ni, ta ce, "To, kina nan." A lokacin ban gane nauyin maganar ba. Yanzu na gane. Kada ka sake barin mu muna tambayar fatake.

To, ga batun saƙonka. Dije ta ba ni ƙyallaye biyu, fari da shuɗi, ta ce ka ɗiga wa kowanne turare guda, kana son in zaɓa maka wanda za ka saya wa Saude na fitar wanka. Ta ce na farin ƙyallen a 'yar kwalba shike, irin wanda fatake ke kawowa daga arewa, na shuɗin kuma a tandu, haɗin mutanen Jega ne. Dukkansu ƙamshin itace ne da lemu, shi ya sa kanka ya ɗaure. Ka yi hankali da ka ce kada ta haɗa su wuri guda. Ɗaya ta ƙulle a ɗankwalinta, ɗaya ta soke tsakanin faifai. Inda ka yi kuskure shi ne shuɗin ƙyallen. Rini na da nashi wari, ya shiga cikin turaren. Gobe in za ka gwada turare a tufa, ka nemi farin ƙyallen sawaye wankakke.

Kafin in gaya maka wanda na zaɓa, ka saurari inda na yi tuntuɓe, don kada ka bi ta wurin.

Shekarata ta fari a gidan ga, gab da Ƙaramar Salla, wani mai tallan turare ya tsaya a zaure, anka shigo mana da kayanshi cikin gida mu duba. Na buɗe wani ɗan tandu, ƙamshin lemu ya tashi kamar yanzu anka yanka shi, har yawu ya taru a bakina. Akwai wani kusa da shi mai sanyin ƙamshi, na shinshina na ajiye, na ce wannan barci shike yi. Ban shafa ba, ban jira ba, na ce a ba ni mai lemun. Ranar Salla na yi wanka, na ɗaura sabon zane, na shafa shi a wuya da hannuwa, na tsaya taya aikin abinci, sannan na tafi gaida Kakarka. Kafin in durƙusa gabanta lemun ya daɗe da tafiya. Abin da ya rage tsohon man gyaɗar da anka haɗa shi da shi ne, ga zufa ta taso shi. Ɗakin cike da mata. Kakarka ta ɗaga hanci ta ce, "Wa ke toya ƙuli da Salla?" Sai idonta ya sauka kaina, ta gane. Ta amsa gaisuwata. Da matan sunka fita ta jawo kaskonta, ta zuba garwashi, ta sa ɗan sandal, ta ce, "Matso ki tsaya bisa nan, ɗiyata." Na tsaya hayaƙi na ratsa zanena, ina kuka a ɓoye.

Abin da na koya ranar shi ne, lemu ke fara magana a turare irin wanga, kuma shi ke fara tafiya. Itacen ne ke zama da mutum, da man da anka jiƙa shi a ciki. Saboda haka kada ka yanke shawara a tabarmar mai turare. Ka sa shi ɗiga maka a dantse, sama da inda ruwan alwala ke kaiwa, ka tashi ka yi harkarka, ka yi zufa, sannan ka shinshina bayan azahar. Abin da ka ji a lokacin, shi kake saye.

Kuskurena na biyu ya fi na farin nauyi, don ba ni ya taɓa ba, babanku ya taɓa, Allah shi jiƙanshi. Tun da mai lemu ya ba ni kunya, sai na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Na ce daga yau sai turare mai nauyi, mai kwana a tufa. Mahaifina, Allah shi yi mashi rahama, shina da wani irin da shike sawa, sandal da hawi da ɗan jibda, in ya wuce ta lungu sai ka san ya wuce. A wurina ƙamshin namiji mai mutunci ke nan. Da na sayar da zaren da na kaɗa a wata shekara, na ba wani ɗan'uwanmu mai zuwa Jega saƙo ya nemo mani irinshi, na kai wa babanku ina ta murna. Ya karɓa, ya yi godiya. Kowace Juma'a ni da kaina nika shafa mashi a wuyan riga da bakin rawani.

Sai ya fara dawowa daga masallaci da tari. Numfashinshi na fita da wata 'yar ƙara kamar ana busa kara. Na ce ƙurar sussuka ce. Na dafa citta da kanumfari, na nemo zuma, na hana shi ruwan randa. Zuwa tsakiyar mako sai shi warware, in ce maganina ya yi aiki, Juma'a na zagayowa in sake ɗauko tandun nan in shafa mashi. Ban taɓa haɗa abin biyu a raina ba.

Wata Juma'a maza biyu sunka shigo da shi a rirriƙe. Wai ana cikin salla numfashi ya ƙi, ya zauna a sahu bai iya tashi ba. Leɓɓanshi sun yi fari. Anka kwantar da shi a inuwa, ina yi mashi fifita. Goggonku Hajo, ƙanwarshi, ta iso da gudu. Ta ɗauki rigar da anka cire mashi za ta ninke, sai ta tsaya, ta kai ta hanci.

Ta ce, "Wa ya sa mashi wannan?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Tun shina yaro ƙirjinshi ba shi ɗaukar turare mai nauyi. Ko hayaƙin hawi Innarmu ba ta sawa in shina ɗaki. Bai gaya maki ba?"

Bai gaya mani ba. Da ya samu sauƙi, bayan kowa ya watse, na tambaye shi, na ce, "Malam, me ya hana ka faɗa mani?"

Ya ce, "Na ga yadda fuskarki take ranar da kika kawo shi."

Ka ji irin mutumin da ya haife ka. Allah ya taimake ni ya tashi, ya ƙara shekaru masu yawa tare da mu, har na samo mashi wani mara nauyi, na gajiji da ɓawon lemu, wanda ya zauna da shi lafiya har ƙarshen ranshi. Amma da abin ya zo da ƙarar kwana, da da hannuna na shafa mashi.

Don haka ka tuna, turaren ga ba naka ba ne, ba kuma nawa ba. Na Saude ne. Ita kuwa irin babanku ce wajen kawaici. In ka kawo mata toka a tandu za ta ce Allah shi saka da alheri, ta shafa. Mutum irin wanga tambaya ba ta fid da abin da ke ranshi, sai dai ka sa ido. Kawunka ma haka shike. In tuwon gidan bai yi mashi ba, ko wurin da ka ajiye mashi buta bai san shi ba yanzu da ganinshi ya ragu, ba zai buɗe baki ba. Ka duba abin da ya rage a akushi, ka duba inda hannunshi ke lalube.

Yanzu ga yadda na yi da ƙyallayenka. Da safe bayan na gama wa Saude wanka, na hura masu numfashi sunka ɗan yi ɗumi, na goga farin a dantsen dama, shuɗin a na hagu. Na shiga aiki, na yi daka, na ɗebo ruwa, ina yi ina kai hanci.

Na farin ƙyallen, duk da tafiyar da ya sha a kan Dije, lemunshi bai mutu ba. Ɗanyen ɓawo ne, mai ɗan kaifi, irin wanda ke feso ruwa in an matsa shi. Kafin hantsi ya yi zafi sai lemun ya ja baya, wani busasshen itace ya fito, mai tsabta, kamar in ka shiga wurin masassaƙi ya gama feƙe sabon akushi. Babu zaƙi a cikinshi, babu warin mai ko kaɗan, na duba wannan da kyau. Aibinshi guda, bai da dogon zama. Zuwa la'asar sai na manna hanci a fata kafin in ji shi.

Na shuɗin, bayan warin rini ya ɗan sake shi, wani abu ne daban. Lemunshi busasshe ne mai zaƙi, kamar ɓawon da ya daɗe a tukunya kusa da zuma. Ƙarƙashinshi sandal ne da hawi, can ƙasa kuma akwai jibda, ko mai turaren bai gaya maka ba ni na ji ta. Wanda ya haɗa shi ya san aikinshi. Na yi alwala, na yi zufa, na kwana na tashi, shina nan a dantsena, har ya kama zanen da na rufa da shi. Ba zan ɓoye maka ba, shi raina ya so. Ina jin shi na ga zauren mahaifina a Jabo, da buzunshi, da rawaninshi rataye. Saura kaɗan in ce wa Dije ta koma ta ce maka shuɗin. Abin da ya tsayar da ni, na tuna na taɓa zaɓar wa wani turare da hancina.

Sai na gwada Saude ba tare da na tambaye ta ba. Na shiga ɗakinta da kunu, na ajiye shuɗin ƙyallen gefen matashinta kamar na manta, na zauna bakin ƙofa ina tsince gero. Ta gama shan kunu, ta ɗauki jinjirar za ta ba ta nono. Yarinyar ta kama, ta saki, ta kau da kai, ta yi atishawa. Saude ta murza goshinta da yatsa. Can sai na ga ta faki idona, ta sa yatsa biyu ta ɗauke ƙyallen a hankali, ta kai shi can ƙarshen gado wajen ƙafa, ta ɗora mashi faifai.

Washegari na yi haka da farin. Na fita shanya, na dawo, ban gan shi ba. Na duba ƙarƙashin matashi, na kakkaɓe tabarma.

Na ce, "Saude, ina farin ƙyallen nan da na bari nan?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, na ɗauka kin gama da shi."

Sai na hango shi ƙulle a bakin zanenta. Na ce, "Kin san daga ina ya fito?"

Ta ce, "Dije ta raɗa mani tun ranar."

Na ce, "To, tunda kin sani, wanne kike so a cikinsu?"

Ta ce, "Duk wanda ya saya ya yi, Inna."

Tana faɗa hannunta na bisa ƙullin. Jinjirar kuwa tana kwance a cinyarta, hancinta kusa da wurin, tana barcinta. Ban karɓe ƙyallen ba, har yanzu shina wurinta.

Saboda haka, na 'yar kwalbar za ka saya. Na san bai kai ɗayan zama ba, kuma na san mai turaren zai ce maka na tandun ya fi shi daraja. Gaskiya zai faɗa, sai dai ba ga Saude ba, ba kuma ga mai goyon jariri ba. Batun rashin zamanshi akwai dabara: ta riƙa ɗiga shi a tufa maimakon fata, auduga ta fi jiki riƙe lemu. Ni zan nuna mata kafin ta taso. Kada kuma ka ce za ka sayi duka biyun don ka huta da zaɓe. Ba ku kai amfanin gona gida ba tukuna, gidan Kawunka na da baki da yawa, kuma na tandun ba shi da mai shafawa a ɗakinku.

In ka koma wurin mai turaren, ka je da sassafe kafin kasuwa ta cika da warin daddawa da kifi. Ka fara ba shi haƙurin tsayar da shi da ka yi. Ka sake gwada na kwalbar a jikinka yadda na gaya maka, don ni abin da ya iso gare ni ya sha hanya, kai ne za ka ji shi sabo. In ka ji warin tsohon mai a ƙarshenshi, ka bari, ka aiko mani. In ya fita da tsabta, ka ce a ba ka kwalbar da anka ɗiga maka daga cikinta, ko a zuba maka daga ita a gabanka. Ba zargin mutumin nika yi ba, ban san shi ba. Ni dai an taɓa shinshina mani ɗaya a naɗe mani wani, ban gane ba sai a gida.

Sai ajiya. Nan ma na yi asara. Kafin auren yayarka na samu wani turare mai kyau, na ce ba mai taɓa shi sai ranar. Don kada yara su kai gare shi, na rataye shi can sama a ɗakin girki, jikin azara. Zafin murhu da hayaƙi sunka yi ta dukanshi damina da rani. Ranar da na sauko da shi na buɗe gaban ƙawayena, ya yi kauri, ya yi baƙi, lemun ya koma tsami kamar tsohuwar gasara. Ban shafa ba, yayarka ma ba ta shafa ba, bayan gida na zubar. Kai ka toshe bakin kwalbar da kakin zuma, ka naɗe ta a tsumma, ka sa cikin tukunyar ƙasa a gefen ɗakin da rana ba ta bugu. Kuma in ya shiga hannun Saude, ka ce ta shafa. In ka bar ta, za ta ɓoye shi ƙasan kwalla tana jiran babbar rana har shi lalace. Ka ce mata Juma'a ma babbar rana ce, in ya ƙare Allah zai kawo wani.

Abu na ƙarshe. Kada ka ba Dije kwalbar ta kawo, ko da yake mai amana ce. Ka riƙe ta wurinka. In Saude ta gama arba'in, ruwan gulbi ya ja baya, yayanka zai rako su ita da jinjirar har Kebbe. Za ta shigo garin da ba ta san kowa ba, ba uwa ba ƙawa, sai kai. Ranar da ta sauka, bayan matan gidan sun gama yi mata barka da zuwa, ka shiga ka ba ta da hannunka.

Na san za ka ji kunya, gadonta ka yi. Babanku duk abin da zai ba ni, zane ne ko goro, sai dai shi ba Hajo ta kawo mani, ko in iske shi bisa gado ba a ce komai ba. Ban taɓa rasa sutura a gidanshi ba, amma mafi yawan zannuwan nan na manta launinsu. Sau ɗaya tak ya saɓa. Mun riga mun manyanta, furfura ta fito mana duka. Ya dawo daga kasuwa, ya iske ni ina tankaɗe, ya tsaya kaina. Na ɗaga ido. Ya kamo hannuna da garin da komai, ya sa mani wani ɗan zoben azurfa a tafi, ya ce, "Ga shi." Ya tsaya shina kallon kaji, ni ina kallon zoben, har tsayuwar ta ba mu dariya mu biyu. Zoben ya yi mani yawa, da zare na naɗe shi ya zauna a yatsa. Da shi a yatsana nika rubuta maka takardar ga.

Ka ba ta da hannunka, Hamidu. In bakinka ya kasa magana ba komai, ka dai tsaya kaɗan kafin ka fita.

Allah shi tsare mani kai daga sharrin ruwa da na tudu, da na dare da na rana. Allah shi sa Kebbe ta karɓe ka, shi sa albarka a gonar Kawunka, shi ba shi sauƙin idanu. Allah shi kawo maka iyalinka lafiya, shi zaunar da ku cikin rufin asiri da jin ƙan juna. Yayyenka na gaishe ka, Goggonka Hajo na sa maka albarka. Ni kuma na yafe maka kwanakin da ka hana ni barci, duniya da lahira.

Aminci shi tabbata gare ka, daga Innarka.